Goshin Jirgin Kara

Warin roba ne, irin wanda take yi idan zafi ya taɓa ta. Wani mai facin babura ya kafa rumfa a bakin layinmu a nan Bagudo, kuma tun daga ranar, duk hantsi idan ya ɗora faci a wuta sai warin ya tsallako katanga ya same ni a kan tabarma. Jikokina toshe hanci suke yi. Ni kuwa ajiye abin da ke hannuna nake yi, domin a duniyar da na tashi roba ba abin yarwa ba ce. A duk ƙauyenmu na bakin kogin Kwara gidanmu kaɗai ke da ita, ita ma zare huɗu ne sirara, kowanne bai fi kamu ɗaya ba, Baba ya naɗe su cikin ɗanyen ganye ya ɓoye a gindin randa inda sanyi yake.

Mu Sarkawa ne, ruwa muka gada. Ƙauyen bai kai a kira shi gari ba, bukkoki ne a kan tudu, da hayaƙin banda da ba ya yankewa, da taru a shanye kamar wanki. Ba agogo, amma kowa ya san lokaci da kunne. Idan ka ji taɓare sun haɗu, gari ya waye. Idan ka ji filafilai suna dukan cikin jirage, masunta sun dawo, mata su ɗauki ƙwarya da wuƙa su gangara mashaya. Tsakanin waɗannan biyu kuma, sautin da ke cika hantsi shi ne gizagon Baba yana cin madaci. Masassaƙin jirgi ne. Tun daga wajen Kende har Dole Kaina ana zuwa nemansa, don jirginsa ba ya nitsa hanci cikin igiyar ruwa. Sirrinsa a goshi yake. Yakan rarake gaban jirgi ya yi ta kankara har sai ya ƙwanƙwasa da yatsa ya ji amon da yake so, kuma ko bayan ya sayar, in ya ga mai jirgi yana loda kaya sai ya ɗaga murya daga kan tudu: "Ku mai da kaya baya! Ku bar mishi goshi shi sha iska!" Yau jiragen katako ne da ƙusa da inji, ana zuba musu buhu ta ko'ina, injin ya ja su da ƙarfin tsiya. Ban ga wanda ke ƙwanƙwasa komai ya saurara ba.

Iyakar Faransa ba ta da nisa da mu, kuma a lokacin ba mu ɗauke ta wani abu ba. Duwatsu ne Turawa suka jera a daji, awakinmu suna kiwo ta bayansu. Wata kaka Baba ya ƙetara kai jirgi ga wani Badende, mutumin can, da ya yi masa magana, sai ya faɗa hannun sojojin can suna kamen mutane don aikin dole. Damina biyu ba mu ji ɗuriyarsa ba. Ya dawo da rana tsaka, a ƙafa, ya rame har Inna ta wuce shi a bakin rijiya ba ta gane shi ba. Hannunsa na dama rawa yake yi, dutse ya danne shi. Ya ɗauki gizago sau ɗaya, ya dube shi, ya mai da shi inda yake.

Abin da ya dawo da shi labari ne, da robar nan ɗaure a ƙugu. Ya ce fili aka sa su sharewa, su kwashe duwatsu, don jirgin sama ya sauka. Wannan bai dami kowa ba. Mun sha jin Turawa suna da ƙarfen da ke tashi, an bar shi cikin abubuwan da Allah ya hore musu. Abin da ya tsaya wa Baba a rai daban ne. Ya ce Bafaranshen da ke gyaran jirgin yana da wani ɗan ƙarami na itace da takarda, bai fi tsawon damtse ba, ba wuta ba mai. Da yamma yakan murɗa masa roba ya sake shi, abin ya yi ta kewaya filin shi kaɗai kamar shirwa. Baba bai taɓa riƙe shi ba, daga nesa yake hangensa da dutse a ka. Ranar da abin ya karye Bature ya watsar da tsohuwar robar, shi kuma ya tsince ta.

"Ba sihiri ba ne, Uwata," ya ce mini. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba. "Jirgi ne dai awa namu. Iska ma ruwa ce, ba ta da kauri ne kawai. In na iya na ruwa, mi za ya hana ni na iska?"

Ni a lokacin na soma zama budurwa, na yi nisa a allo, kuma an san ni da zama ina kallon gajimare har tuwo ya kama. Inna takan ce jikina ne a gidan, sauran yana wani wuri. Wataƙila shi ya sa ni kaɗai na yarda da shi nan take. Kuma da yake hannunsa ba ya tsayawa, nawa ya ara. Shi ne ido, ni ce yatsu.

Bayan an yi girbin dawa muka fara. Ya zaɓi sillen kara miƙaƙƙe, busasshe, ya zama ƙashin bayan jirgi. Na tsaga ɓawon kara siri-siri, muka jiƙa, muka lanƙwasa a kan ƙwarya ya bushe da siffar haƙarƙari. Totuwar cikin karan, farin abin nan mai laushi, ita muka yanka muka tokare tsakani. Ƙaro muka jiƙa a ƙoƙo ya zama abin liƙi. Takarda ba mu da ita sai ta karatu, wadda ba a taɓawa, don haka ya roƙi tantani a wajen mahauci, muka wanke, muka shimfiɗa a kan fukafukan da ɗanyensa. Da ya bushe ya ɗame, kana ganin inuwar yatsanka ta ciki. Abin da yanzu ake ce wa farfela shi filafili yake kiransa, don a ganinsa tuƙa iska yake yi. Daga reshen rimi na sassaƙa shi, kwana shida, yana tsaye a kaina yana cewa a nan, a'a, can. Ƙugiyar kifi ya miƙar ta zama sandar da filafilin ke juyawa a kai, na cire dutsen ado ɗaya daga abin wuyana muka zura don ya yi santsi. Har yau in na rufe ido ina jin ƙarar askar nan a kan kara, sassauƙa, kamar ɓera yana ci a rumbu, da numfashin Baba a bayan kunnena.

Ranar gwajin farko mu biyu muka tafi bayan gari da sassafe, kafin iska ta tashi. Na murɗa filafilin da yatsa har robar ta yi ƙulle-ƙulle, ya karɓa da hannun hagu, ya yi bisimilla ya sake. Abin ya yi firrr, ya bar hannunsa, ya ɗaga kai sama kamar ɗan akuya zai hau katanga. Ya ɗan tsaya. Sai ya zamo da baya ya faɗi a kan wutsiya.

Na zaci zai yi baƙin ciki. Dariya ya yi har da tari. "Kin gani? Shina son hawa! Goshin yat tashi, jikin ne bai bi ba. Nauyi ne, Uwata. A rage mishi, a fara da gaba."

Haka duk wanda ya tashi a bakin ruwa zai ce. Jirgin da ke son hawa igiya, goshinsa ake sauƙaƙawa. Ba mu san wata hanya ba, kuma ba wanda za mu tambaya.

Amma gari ya fara magana. Da yaro ne ke wasa da kara ba wanda zai waiga. Wannan kuwa magidanci ne, uban 'ya'ya, wanda dā sarakunan ruwa ke aiko masa da goro, ga shi zaune a inuwar rumbu yana liƙa tsinke da ƙaro. Kuma gaskiya ba zan ɓoye ba, ya canja. Yakan tsaya tsakiyar hanya yana bin shirwa da ido har ta ɓace, a gaishe shi bai ji ba. Yakan tsinci gashin tsuntsu ya hau suri ya saki, ya sauko ya ɗauka ya sake hawa. Mata a mashaya suka ce mutanen ruwa ne suka shafe shi a hanyar dawowa. Wasu suka ce Faransawa sun ba shi wani abu ya sha. In na zo ɗiban ruwa sai hira ta mutu, wata ta ce, "Ɗiyar mai jirgin sama, yaushe za ku kai mu Makka?" a kwashe da dariya. Wata rana Inna tana gyaran kifi ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ke da ya kamata ki janyo shi, ke ce ke riƙe mishi igiya."

Wan Baba, wanda muke kira Baba Babba, shi ke ciyar da gidanmu tun da aka kama ƙanensa. Mutum ne mai kunya, mai son ɗan'uwansa, kuma abin ya fi ci masa rai fiye da kowa. Ya zo da la'asar ya same mu a bakin aiki. Na tashi zan ba su wuri, Baba ya riƙe gefen zanena.

"Kai, ka dubi kanka," in ji Baba Babba. "Hurhura ta fara hito maka, kana zaune kana wasan ɗiya. Ni ba ni iya zama masallaci."

"Yaya, lahiyata lau."

"Kowane mai wanga ciwo haka shika cewa. Na yi magana da mai magani na ƙetare. Ya ce a kawo ka tun abin bai yi nisa ba."

Kowa ya san gidan mai maganin nan. Can cikin fadama yake, ba a isa sai ruwa ya cika, kuma wanda aka kai, marin ƙarfe ake sa masa a ƙafa, a ɗaure shi a turu, a yi ta hayaƙi da bulala har sai abin da ke jikinsa ya fita.

Baba ya ɗaga jirgin a tafin hannu. "In wanga abu yat tashi gaban idonka, ya yi tahiya shi kaɗai, ni mahaukaci ne?"

Baba Babba ya dubi jirgin. "In ya tashi, ni da kaina zan bi gida gida in ba da haƙuri. Amma baƙin ruwa na tahe. Ranar da ya taɓa gindin giginyar mashaya hanya ta buɗe. Ran nan ko ka gwada muna, ko ka shiga jirgin ruwa mu kai ka."

Mu a Kwara ruwa biyu gare mu. Akwai farin ruwa na damina, mai laka, sannan bayan an gama girbi, sama ba ko gajimare, sai baƙin ruwa ya taho daga ƙasashe masu nisa, shiru, garau, yana hawa kaɗan kaɗan. Dā murna muke yi da shi, don shi ke kawo manyan kifi. A shekarar nan kuwa kullum da safe in na je da tulu, giginyar nake fara dubawa. Taku goma tsakaninta da ruwa. Taku takwas. Na taɓa tsayawa ina roƙon kogi a zuciyata ya dakata, kamar yana jin magana.

Muka duƙufa kan ragewa. Baba yakan ɗora jirgin a tafinsa ya rufe ido, ya ce har yanzu. Na kankare filafilin har rana tana ratsa shi. Na rage tsawon karan ta gaba da faɗin yatsa biyu. Muka cire dutsen adon muka sa ɗan guntun ƙashin kifi. Ya goga ƙugiyar a dutse har ta koma kamar allura. Inda ƙaro ya taru ya yi gudaji, na bi da bakin aska na ɗauke. Ba mu iya gwaji da yawa, don robar tsohuwa ce, duk murɗawa sai ta ƙara tsagewa, zare huɗu sun koma uku. Sau uku kacal muka gwada a makonnin nan, kuma kowane karo sai ya fi miƙewa tsaye, ya fi saurin ɗaga kai, ya fi saurin zamowa. Mu kuwa murna muke yi. "Dubi yadda shika neman sama," Baba ke cewa. "Saura kaɗan." Yaran yanzu ana sayo musu jirgin roba a kasuwa, mai fitila da kuka, su yi wasa da shi kwana biyu su taka. Ba na jin haushinsu. Ina dai mamakin yadda abu ke zama banza idan ba ran kowa a rataye da shi.

Ruwa ya taɓa giginya ranar wata Lahadi. Washegari bayan an fito sallar asuba, da gari ya yi haske, aka taru a kan yashin da ya rage. Baba Babba ne da dattawa huɗu, da wasu ƙarti biyu da suka tsaya kusa da jirgin ruwa suna yi kamar gyaran igiya suke. Mata suna can kan tudu. Ni kaɗai ce mace a wurin, don ni ke murɗawa. Iska ba ta motsi, kogin kamar an shafa masa mai. Ina murɗawa, ina jin robar tana ƙara tauri, ina tsoron ta tsinke, ina tsoron kuma in tsaya da wuri.

"Ya isa, Uwata."

Ya sake shi. Ban taɓa ganin ya yi kyau kamar ranar ba. Rana ta fito ta bayansa, tantanin ya yi ja kamar garwashi, ya hau, ya wuce kan mutane, ya wuce tsayin mutum biyu. Wani dattijo ya ce, "La ilaha!" Sai ya miƙe tsaye sak, hancinsa yana kallon sama, filafilin yana ta juyawa a banza. Ya tsaya cak kamar mai tunani. Sannan ya zamo da baya, ya juya, ya daki yashi taku biyar daga ƙafar Baba.

"Kun gani!" Baba ya ce. "Yat tashi! Yaya, ka gani da idonka!"

"Na ga ya hwaɗi," in ji Baba Babba a hankali. "Ko takalmi ka jefa sama haka za ya yi."

Baba ya durƙusa ya ɗauki jirgin. Fiffike ɗaya ya tsage. Bai ko dubi tsagar ba, ya zaro askar daga aljihu da hannun nan mai rawa ya fara kankarar gaban, yana cewa, "Goshi ne, goshi ne, ku dakata, yanzun nan," yana dariya, hawaye na bin gemunsa. Ni na san abin da yake yi. Su abin da suka gani mutum ne a durƙushe da aska tsirara yana magana shi kaɗai. Ƙartin nan suka zo ta baya suka riƙe shi.

Ina da magana a bakina. Ina so in ce ni na sassaƙa, ni na liƙa, in hauka ce to mu biyu ne. Amma yarinya ba ta buɗe baki gaban dattawa, kuma ko na buɗe, me zan nuna musu? Abin ya faɗi. Na tsaya da hannuwana a sake kamar ba nawa ba.

Bai yi kokawa ba. Da za su sa shi a jirgi ya ce su bari ya yi wa ɗiyarsa magana. Ya miƙo mini jirgin karan da askar. "Ki liƙe fiffiken. Ki ƙara rage mishi gaba, kaɗan dai, kar ki yi gaggawa. Kafin in dawo." Ya zauna, ya dubi yadda suka jibga tabarma da ƙullin hatsi a goshin jirgin, sai na ji ya ce wa mai tuƙi ya mai da su baya. Baba Babba ya juya fuska yana share ido da hannun riga. Na tsaya har filafilansu suka daina jiyuwa.

Na yi abin da ya ce. Duk hantsi in na gama aikin gida sai in zauna inuwar rumbu in kankare kaɗan, har ranar da karan ya huje, ƙugiyar ta faɗo a cinyata, ba sauran inda za a mai da ita. Ya dawo bayan damina ɗaya da tabon mari a idon sawu. Aka ce ya warke. Yana gaisawa da kowa, yana zuwa masallaci, yana gyaran taru a zaune. Bai tambaye ni jirgin ba, ni ma ban tayar ba. In shirwa ta gifta sai ya sunkuyar da kai. Bai cika shekara uku ba ya rasu, kuma har aka binne shi, in za a kwatanta gidanmu, gidan wanda ya taɓa taɓuwa ake cewa. Ni kaina, Allah ya yafe mini, akwai shekarun da na yarda da su.

Daga baya na yi karatun boko, na koyar, na yi ritaya, ban taɓa ba kowa labarin ba. Sai bara, da babbar jikata ta zo hutu daga jami'a inda take karatun injiniya, tana tsefe mini kai, na tsinci kaina ina faɗa mata. Ta bar tsifar ta zagayo gabana.

"Tsohuwa, tsaya. Ya ya faɗo? Da hanci ko da baya?"

"Da baya. Ya ɗaga kai ya tsaya, sannan ya zamo."

"Kullum haka?"

"Kullum. Muna ragewa yana ƙara yi."

Ta yago takarda daga littafinta ta ninke ta jirgi ta jefa, ya ɗaga kai ya faɗo kamar yadda na sani. Ta je bakin randa ta ɗebo laka kamar ƙwayar wake, ta manna masa a hanci, ta sake jefawa. Ya miƙe sumul ya ratsa tsakar gida, ya wuce igiyar shanya, ya sauka a hankali a bakin zaure.

Ta ce jirgin da ya hau tsayin mutum biyu da tsohuwar roba ba shi da sauran nauyin da za a rage, fukafukansa daidai suke, filafilinsa daidai yake. Na iska ba kamar na ruwa ba ne, shi gabansa ake ɗan nauyayawa. Ta ce tun ranar gwajin farko Baba ya riga ya gama jirginsa. Abin da ya rage kawai a tsuguna a ɗebi laka, ga ta nan a bakin kogi, a ƙarƙashin ƙafafunmu.